Waliyi Yusufu a Bangon Asibi

Ƙanƙara
Ƙarshen rani, 1976

Zuwa ga ƙanwata Asibi, wadda mutanen coci ke kira Lidiya.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ina gida, ina zafi, ina kuma haƙurin rashin mijinki Barau? Allah ya ƙara haƙuri, amin.

Bayan gaisuwa. Tun bara da kaka na ji wata magana a rumfar masu awo, ban kuwa yarda da ita ba. Wani mai sayen dawa ne daga wajen Sabuwa ya ce wai Gidan Jatau da ke bayan Damari ya watse, hayaƙi ɗaya kaɗai ke tashi a cikinsa. Wai tsohuwa guda ta rage, wai kuma da bango take hira. Na ce mashi, "Malam, ɗaure buhunka ka kama hanya. Gidan da na kai ƙanwata aure, wanda in suna shan giyar biki sai an jiyo su daga ƙetaren rafi, shi ne zai koma hayaƙi ɗaya?" Ya rantse, na yi dariya. Kin san yadda aka rene mu, a gindin kakarmu, kura na magana, kurege na yanke shari'a. Tun daga nan in labari ya cika daɗi sai na juya shi na duba ɗinkin.

To, ranar kasuwar da ta wuce sai ga Mani direba, wanda zai kawo miki wannan takarda, ya tsaya shan inuwa a zaurena. Shi Mani Allah bai ba shi basirar ƙarya ba. Ya ce ya shiga Gidan Jatau neman ruwan zuba wa mota, ya yi ta sallama ɗaki ɗaki, ba mai amsawa sai ƙadangaru, har ya kai naki. Ya ce jinkar ta zame gefe guda, bangon baya ya tsage har ana hango gona ta ciki. Ya ce kin ba shi ruwa da gyaɗa, kin kuma ce mashi ya rage gudu, uwarsa na son sa. Da na ji wannan na ƙarshen na san ke ce.

Asibi, damina na tafe. Ɗakin da bai ga sabuwar jinka ba, bai ga yaɓe ba, ba zai kai kaka ba, ke ma kin sani. Ni kuwa ga gida nan ya yi mini yawa. Tun da matata Zulaihatu ta rasu ban buɗe ɗakinta ba, sai in kaza ta shige. Ɗana Zailani na soja a Legas, yana aiko da gaisuwa da hoton kansa cikin kaki. Ɗiyata Bilki na gidan miji a Kano, ta aiko in sayi rediyo. Na saya. Yana da baki, amma ba ya tsayawa a ba shi amsa. Tuwo kuwa a gidan maƙwabciyata Barakatu nake saye, mace mai tattalin gishiri kamar ita ke haƙo shi.

Ba wai kaɗaici ke damuna ba, kada ki ɗauka haka. Ina da akuya, ina da rediyon nan. Don ke nake faɗa. Ki tattara 'yan kayanki, Mani ya ɗauko ki kafin ruwa ya rufe hanyar Sabuwa.

Rabona da ke tun ran binne Barau, da na tsaya can gindin ɗorawa kuna waƙoƙinku. Ba mu yi wata magana ba ran nan. Maganar na nan, ba ta ruɓe ba.

Rubutun nawa na Yaƙi da Jahilci ne, mai karanta miki ya yi haƙuri da shi. Ki huta lafiya.

Yayanki,
Ɗanhausa, wanda a nan ake kira Malam Sanusi


Gidan Jatau, ta Damari
Ranar Lahadi

Yaya,

Na gaishe ka, na gaida akuyar. Ina ƙafar nan taka ta hagu? Malam Bilya katikis, malamin cocinmu, shi ke rubuta mini, ya zo da kekensa yin addu'ar Lahadi. Jama'ar tasa yau ni ce. Na ce mashi ya sa yadda na faɗa, in ya gyara zan gane in ya maimaita.

Mai dawar nan bai yi maka ƙarya ba sai wuri ɗaya. Ba da bango nake hira ba, ban haukace ba tukuna. Da Waliyi Yusufu nake yi, shi ne a bangon.

Gida kam ya watse. Samari sun bi aikin hanya, wasu masaƙa a Kaduna, wasu gidan auduga a Funtuwa. Kowa ya sami ɗaki sai ya dawo ya kwashi matarsa, bayan nan iyayensa. Bana na dafa giya na kira gayyar jinka. Tsofaffi biyu suka zo daga Damari, suka sha, suka ɗaga kai suka ce lalle jinkar nan na son gyara, suka tafi.

Kai ba ka taɓa shiga ɗakina ba tun da aka yi mana baftisma, to bari in gaya maka abin da ke ciki. Ran da aka yi mana, ni da Barau, Fada, limamin coci, ya ba mu hoto mai gilashi, bai fi faifai ba. Dattijo ne mai gemu, yana riƙe da Yaro Yesu a hannu ɗaya, farin fure a ɗayan. Fada ya ce kafinta ne, mai tsaron gida, mu rataya shi inda za mu riƙa addu'a. Barau ya buga ƙusa, ƙasa ta zubo da ita. Ya sake, ta sake. Sai ya ce, "Wanga baƙo ba na ƙusa ba ne." Ya kwaɓa ƙasa ya yi sabon yaɓe, ya danna hoton ciki tana ɗanya, yadda muke danna faranti a bangon amarya. Ya bi gefen da yatsunsa ya liƙe. Ya ɗan karkace, don Barau bai taɓa yin abu a miƙe ba, har kunyar gonarsa. Daga ƙasa ya yi ɗan dakali na ajiye fitila da carbi.

Nan muka durƙusa shekara da shekaru. Shi bai taɓa kai addu'a ƙarshe ba, in ya kai tsakiya sai ya koma ba Waliyi labarin gero. Yanzu ni ke ba shi. In na gama sai in sa yatsuna inda na Barau suka kwanta cikin ƙasar, in dafa in tashi.

Ɗana Gide ya yi gidan bulo a Faskari, yana ta ja na. Siminti ba ya karɓar abin da aka danna mashi. Kai gidanka na ƙasa ne, na sani. Saboda haka ga tambayata, kada kuma ka ba ni tatsuniya a madadin amsa. In an sami maza suka yanko shi da ƙasar da ke riƙe da shi, ina zuwa. Amma ba ni tafiya in bar shi ruwa ya ci. Akwai bango a gidanka?

Na ji zancen akuya da rediyo. Tun kana yaro in kana jin yunwa sai ka je ka ce wa Inna wai Asibi ce ke ji.

Sai na ji ka. Allah ya tsare.

Ƙanwarka,
Asibi

Ni Bilya ina ƙara tawa gaisuwar. Baba, tsagar bangon nan ta fi yadda take faɗa. Na sa hannuna ya shige har gwiwa.


Faskari
Afrilu, 1976

Zuwa ga Kawuna mai daraja,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Maiɗakina Ramatu na gaishe ka.

Kawu, dalilin rubuto maka shi ne maganar Inna. Malam Bilya ya gaya mini ka rubuta mata, na kuwa yi murna, domin ni na gaji. Ka san ina tuƙa tifa a kamfanin da ke aikin hanya. Allah ya buɗa, na yi gida na bulo da kwano, na ware mata ɗaki mai taga, har fenti na sa. Na je ɗauko ta, ta ce hoto. To, da na je Kaduna sai na shiga kantin littattafan coci na sayo wani Waliyi Yusufu, babba, ya yi uku na wancan, da firam mai ruwan zinariya, har da ɗan jan ƙwan fitila da ke kamawa da batir. Na kai mata da hannuna. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Kyakkyawa ne. Amma wannan bai san mu ba." Ta ba Malam Bilya ya kai cocin Damari.

Ni ma Katolika ne, Kawu, na san ba takardar ake roƙo ba. Fada ma ya gaya mata. Ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce, amma ba ta tashi.

Na nuna wa wani magini wurin. Ya ce ana iya yanko shi da ƙasar, amma sai an san inda za a kai shi, domin in ya daɗe a ajiye zai marmashe. A gidana ba inda zai zauna, ko'ina siminti ne. Ta ce da ni ta yi maka wata tambaya tana jiran amsa. Ban san mece ce ba. Don Allah, ko mece ce, ka ce mata to. An fara hadari a wajen Sabuwa, kamfani kuma ba ya ba da hutu sai ruwa ya tsayar da aiki, lokacin kuwa hanyar Damari ta mutu.

Ka gafarta mini in na yi tsauri. Ka huta lafiya.

Ɗanka mai biyayya,
Gide Barau


Ƙanƙara
Bazara

Zuwa ga ƙanwata Asibi.

Gaisuwa mai yawa. Ina gida, ina ɗumi? Ƙafa da sauƙi, in dai ban tuna da ita ba. Ina gaida Malam Bilya, Allah ya biya shi wahalar keke.

Takardarki ta zo, ta Gide ma ta zo. Na karanta taki a zaure, na sake karantawa a tsakar gida, na ga amsar ba ta canja wuri ba. Kin ce kada in ba ki tatsuniya. To ba tatsuniya ba ce, abin da ya faru ne, sai dai yana da ɗan tsawo.

Bayan la'asar na jira mutane suka watse, na matsa kusa da limamin unguwarmu, Malam Maharazu. Mutum ne siriri, mai jinkirin magana, shi ya yi wa Zulaihatu salla. Na ce, "Allah gafarta Malam, wani mutum ne ya ce in tambayar mashi wata mas'ala." Ya ce, "Wanin nan, shi ma yana ɗingishi da ƙafar hagu?" Na ce Allah ya sa haka. Na kwashe labarin na gaya mashi, ban rage komai ba, har da furen. Ya ja tasbaha, can ya ce, "An ruwaito cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da aka kafa sura ko hoto." Na ce, "Ko da na baƙuwa ne, a ɗakinta?" Ya ce, "Malam Sanusi, abin da ke cikin littafi ka tambaye ni, shi na gaya maka."

Asibi, ke ba ki zauna cikin gari ba. Na fi shekara ashirin ina salla a unguwar nan. Na aurar da ɗiya a nan, na binne mata a nan. Amma har yau in an yi gardama a kasuwa kan mudu, sai wani ya ce, "Ƙyale shi, tubabbe ne." Sahun gaba da nake tsayawa yanzu, da sannu na kai shi, taƙi taƙi, kamar mai shiga ruwan sanyi. In aka ji Ɗanhausa ya kafa abin da za su kira gunki a ɗakin Zulaihatu, ba za su ce mini komai ba. Za su dai matsa kaɗan in na zauna. Na san irin matsawar nan, na sha ta.

Ga abin da na gani. A yanko shi yadda Gide ya ce. Ina da akwatin ƙarfe mai kyau, na Zulaihatu, ruwa ba ya shiga, gara ba ta ci. A naɗe shi da zane a kwantar ciki. In za ki yi addu'a ki tura ƙofa, ki buɗe akwatin, in kin gama ki rufe. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Ai Allah na gani ta cikin ƙarfe. Ke kin tsira daga ɗakin nan, shi ya tsira daga ruwa, ni ma na tsira da ɗan abin da na tara.

Ki duba da idon rahama. Mani zai biyo ta wajenku kasuwa mai zuwa, ki shirya.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Ɗanhausa


Gidan Jatau
Ranar Lahadi

Yaya,

Na gaishe ka. An yi yayyafi jiya, na fara gyaran gona.

Malam Bilya ya karanta mini, na sa ya sake karanta wurin akwatin. Na gode. Akwati na kayan gado ne da kayan sata, shi kuwa ba ɗaya ba ne cikinsu. Wanda ya ga haihuwar 'ya'yana, ya ga fitar gawar Barau, ba zan rufe shi da kwaɗo don kada maƙwabta su ji ba. Ban ce ka durƙusa mashi ba. Ban ce ka leƙa ba. Bango na tambaya.

Ran da ka je aka aske ka aka sa maka Sanusi, Baba ya ce kada a sake ba ka ruwa a gidan. Wa ta bi ka bayan rumbu da ƙwarya? Ban tambayi kowa mas'ala ba ran nan.

Ka ce wa Mani kada ya ɓata mansa. Ka gaida Liman.

Asibi


Faskari
Yuni, 1976

Zuwa ga Kawuna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kawu, mun ji ka shiru tun bazara, Inna ma ta ce ba ta sake samun takardarka ba. Ina rubuto maka ne don kada ka ji a bakin wani ka firgita.

Ɗakin ya faɗi. Ran Alhamis da hantsi ne, bayan ruwan da aka kwana biyu ana yi. Allah ya taimaka tana bayan gida tana shuka. Ta ce ta ji kamar an sauke buhu, da ta juyo sai ta ga jinkar a ƙasa. Bangon baya ya tafi duka. Wanda hoton ke ciki ya tsaya rabi, ruwa na bin sa.

Kafin labari ya iso ni ta riga ta yi abin da maginin ya ce sai maza uku. Da fartanya ta sassare shi, ita kaɗai, har ta ciro shi da ƙasar gefensa. Gilashin ya tsage daga sama zuwa ƙasa. Malam Bilya ya ishe ta zaune cikin wani kangon maƙwabta, ta rungume shi a cinya kamar jinjiri, hannuwanta duk jini. Ta kwana biyu a nan. Na roƙi wani abokina mai tirakta muka shiga, don tifa ba ta iya bin hanyar. Ba ta yi gardama ba ko kaɗan, Kawu. Da ta yi ma da na fi jin daɗi.

Yanzu tana nan ɗakin da na yi mata. Ramatu na kula da ita sosai. Hoton na jingine a ƙasa, a kusurwa, cikin tsumma. Na ce in buga ƙusar siminti, ta ce in bari. Ba ta buɗe shi ba tun da muka zo. Da safe tana zama bakin ƙofa tana kallon motocinmu na wucewa, in an gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Abinci sai an matsa mata. Inna da ke yi wa kowa faɗa, jiya yaran maƙwabta suka kifar mata da kunu, sai kawai ta ɗauki ƙwaryar ta koma ɗaki.

Ban san abin da ya shiga tsakaninku ba, ba kuma hurumina ba ne. Na dai gaya maka.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Gide


Ƙanƙara
Damina

Zuwa ga ƙanwata Asibi.

Gaisuwa da jaje. Sannu, sannu. Ina hannuwan? Allah ya kiyaye gaba. Gide, ka karanta mata da ƙarfi, kada ka tsallake komai.

Takardarki ta bazara na karanta ta, na sa ta ƙarƙashin tabarma na zauna a kai, ina jiran dabara ta zo. Kullum in ce gobe. Ruwa bai jira ta ba.

Ga amsar da kika nema. Akwai bango.

Na buɗe ɗakin Zulaihatu, na kori kajin, sun tafi suna zagina. Na zaɓi bangon yamma, don kada wani ya ce ina fuskantarsa in na yi salla a tsakar gida. Na je kududdufin bayan gari na haƙo jar ƙasa, jaki ya kawo, na zuba ciyawa da ruwa na shiga da ƙafafuna. Rabona da taka ƙasa tun ina saurayi a gidanmu. Ƙafar hagu ta yi ta ƙorafi, na ce mata ta yi shiru, ba ita aka tambaya ba. Yanzu ƙasar na nan tana tsima, ta fara warin nan da kika sani.

Barakatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Baba, gini da damina? Ko amarya za a yi?" Na ce ƙanwata ce za ta zo. Ta ce, "Ita ce mai cocin?" Na ce ita ce, da baƙonta kuma za ta zo. Kafin azahar unguwa ta ji. Sai na ga gara su ji daga bakina. Da aka sallame, mutane na neman takalma, na ce, "Allah gafarta Malam, mutumin nan mai ɗingishi ya ce in gaya maka, zai sauki ƙanwarsa, ita da hoton addu'arta, a ɗakinta, a bangon yamma." Malam Maharazu ya dube ni, ya duba takalminsa, ya sa, ya fita.

An matsa, kamar yadda na gaya miki za a matsa. Mijin Barakatu ya daina zama zaurena. Tuwon dai ba a daina sayar mini ba, gishirin ma bai ƙaru ba. Abin da ban sani ba sai yanzu, ashe wurin da suka matsa suka bari bai kai faɗin tsakar gidan nan ba in magariba ta yi.

Ba don ke nake faɗa ba wannan karon. Ni ke jin yunwar. Ki zo da shi, da ƙasarsa, da tsagarsa, mu danna shi tana ɗanya. Zan karkatar da shi kaɗan in kina so.

Ina sauraro. Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki,
Ɗanhausa


Faskari

Yaya,

Na gaishe ka. Hannu ya warke. Ramatu ke rubutawa.

Gide ya karanta, bai tsallake ba. Da ya gama na kwance tsumman, karo na farko tun da na zo. Ƙasar ta marmashe, Yaya. Girgizar tirakta ce, ko bushewa, ban sani ba. Gari ne kawai a gindin tsumma. Yatsun Barau sun tafi. Abin da ya rage takarda ce da ruwa ya taɓa, da gilashi mai tsaga. Fuskar Waliyi na nan, furen ya wanke.

Ka ɓata da mutanenka a kan abin da ba shi nan. Ka bar ƙafarka ta huta. Yaran nan suna yi mini kirki, ba ni da abin cewa. Na gaji, kuma ban san abin da zan gaya wa Waliyi ba in na durƙusa, ba ni da gero bana.

Ɗakin nan na Zulaihatu, yana yoyo?

Allah ya bar zumunci.

Asibi


Ƙanƙara
Ranar kasuwa

Ɗana Gide,

Gaisuwa gare ka da Ramatu. A tsaye nake rubutu, Mani na ɗaure kaya, ya ce ba zai jira ni ba.

In uwarka na nan, ka gaya mata ɗakin ba ya yoyo, na hau na duba. Ka gaya mata na yi yaɓen, na bar gurbi daidai faifai, na rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, ina yayyafa ruwa safe da yamma don kada ya bushe. Ƙasa ba ta daɗewa a haka, amma in ta bushe sai in kankare in sake. Yatsun da suka tafi ba ni da su. Akwai nata, akwai nawa.

In kuwa ba ta nan, to ka aiko mini da gaggawa wace mota ta shiga. Tun safe ake kawo mini wata magana, wai an ga tsohuwa a tashar Faskari da ƙunshi a ƙirji, ta hana a ɗora shi bisa kaya, tana yi wa kwandasta faɗa. Mai goro ya faɗa, ban yarda ba. Barakatu ta faɗa ta katanga, ban yarda ba. Motocin Faskari biyu sun sauke, ba ta ciki. Na dai share tsakar gida.

Ka huta lafiya.

Kawunka,
Ɗanhausa

Mani na ta hon. Za ka ce zancen kasuwa ne, ni ma haka na ce. Sai dai na ƙarshen da ya kawo mini shi, daga ta'aziyya ya dawo ta Faskari, ya ce motarsu ta riga tata cika. Bai wuce gida ba, ga shi nan zaune a zaurena da ƙurar hanya, ya ce zai jira tare da ni. Malam Maharazu ne.